Waɗanda Aka Haifa Ɗaya ga Janairu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta cigiya a gidan rediyo kafin a rage ma'aikata a haɗa da ni. Cigiya ba ta da wuya: suna, shekaru, kayan da ke jikin mutum ranar da ya fita, sai wurin da za a tuntuɓa. An koya mana kada murya ta yi rawa, kada kuma a ƙara kalma ɗaya a kan abin da mai cigiya ya faɗa. Da na bar can na yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida, daga nan wata ƙaramar ƙungiya mai neman mutanen da suka ɓata ta ɗauke ni aiki a Sabon Tasha. Kullum da safe nakan hau bas daga Makera.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan wata coci, da fanka, da benci na masu jira, da kwamfuta guda da batirinta. Mu biyu ne a ciki. Akwai wata tsohuwar malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna wadda kowa ke kira Madam, ita ke karɓar mutane tana cike musu fam. Ni kuma ina kula da rumbun bayanai.

Jadawali biyu ne a rumbun. Na farko na waɗanda ake nema, wato sunayen da dangi suka kawo mana. Na biyu na waɗanda aka gani. 'Yan sa-kai ne ke zagaya ƙananan asibitoci da makarantu da coci-coci da masallatai inda mutane suka fake, su rubuta duk wanda suka tarar, su kawo mana takardun mu shigar. Dokar ƙungiyar ita ce da zarar suna ya shiga jadawali na biyu, ba mai sake buɗe shi ya duba, ko da ni ne. Dalilin a fili yake. Wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa ba ya son kowa ya shigo ofis ya ce shi ƙaninsa ne a nuna masa inda yake kwana. Saboda haka madanni ɗaya kawai aka ba ni. In na danna shi, kwamfutar takan haɗa jadawalan biyu: ta ɗauki layi daga na farko, ta nemo masa abokinsa a na biyu. Sai suna da ƙauye da ranar haihuwa sun yi daidai a ɓangarorin biyu sannan ta nuna mini.

A watannin farko ko minti ɗaya haɗin ba ya kaiwa. Mun sada wasu da nasu. Na ga uwa ta zauna a ƙasa a ƙofar ofishin nan ta kasa tashi, don an ce mata ɗiyarta tana wata makaranta a Kakuri, lafiya lau.

Da damina ta kama sai ƙauyukan da ke bayan Rido suka fara watsewa. Takardu suka riƙa zuwa a manyan jakunkuna. Ni da Madam muna shigarwa daga safe har la'asar, har yatsuna su ƙage. Haɗin da ke ɗaukar minti ɗaya ya koma minti goma, ya koma awa guda, daga baya ya daina ƙarewa. Wuta ba ta zama a unguwar, batirin kuwa awa uku yake riƙewa. Ya mutu, aikin ya mutu tare da shi, washegari a faro daga farko kamar ba a taɓa yi ba.

A wannan lokacin ne Baba ya fara zuwa. Manomi ne, dogo, siriri, daga wani ƙauye da sai ka wuce matatar mai da nisa kafin ka kai. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu yana gona, matarsa tana gida. Ya bi daji ya fito titi, bai sake ganinta ba, kuma ba wanda ya ce masa ya ga gawarta. Yana zaune da wasu mutanen yankinsu a wani kango da ba a gama ginawa ba, can ƙasan kasuwa. Ina buɗe baki na gaishe shi ya gane muryata.

"Kai ne mai cigiya. Ni ina tsammanin ƙato ne."

Na ce masa rediyo ba ta nuna tsawo. Madam ta cike masa fam, ya ba da lambar wayar wani maƙwabcinsa a kangon domin shi ba shi da waya. Na roƙi wani tsohon abokin aikina ya karanta cigiyar matar a rediyo, aka karanta sau biyu, shiru. Abin da ya rage shi ne madannin nan.

Duk Laraba yakan zo da hantsi, ya zauna a kan benci inda zai iya hango fuskar kwamfutar, da ɗan zoben da ke ta juyawa a tsakiyarta.

"Malam mai rediyo, yaya injin naka? Ta haihu?"

"Tana kan aiki, Baba."

"Wata uku tana naƙuda. Ko saniyata ba ta taɓa yi mini haka ba."

Madam ta ɗago daga takardunta ta ce, "Baba, kai da ko kunna waya ba ka iya ba, kai ne za ka yi wa kwamfuta gori?"

"Ban iya ba, 'yata. Amma ni ban zauna a kan kujera na ce na iya ba."

Mukan yi dariya, shi ma ya yi. Yakan zauna har batirin ya yi ƙararsa ya ɗauke, sannan ya tashi ya kaɗe wandonsa ya ce sai Laraba.

"Tana kan aiki" ba ƙarya ba ce. Da a rediyo ne, edita ba zai soke ta ba. Amma na san ba za ta gama ba, kuma na ci gaba da faɗa masa haka har wata biyar, domin ita ce kaɗai maganar da nake da ita.

Injiniyan da ya haɗa manhajar yana Abuja, ya riga ya koma wani aikin. In na kira sau goma ya ɗaga sau ɗaya. Da farko ya ce ƙila lokaci ne bai ishe ta ba. Wani dattijo a cocin ya ba mu babban batir mai riƙe awa shida. Ta cinye awa shidan, zoben yana nan yana juyawa. Na share ƙurar da ke bayanta, na goge hotunan da ke ciki, na ajiye ta kusa da fanka. Iyakar ilmina ke nan.

Sai a wata na biyar shugabar ƙungiyar ta yarda a ba ni kalmar sirri ta shiga can cikin rumbun, injiniyan kuma ya ware mini wata safiyar Litinin a waya. Ya yi mini bayani a hankali, da Hausa da Turanci a gauraye, ni kuma ina rubutawa a takarda kamar ina ɗaukar rahoto.

Abu na farko shi ne fihirisa. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. A gidan rediyo muna da ɗakin ajiyar kaset, da akwatin katuna a bakin ƙofa. Ba ka bin kanta-kanta kana karanta bayan kowane kaset. Kati kake zarowa, ya gaya maka kanta ta nawa, jeri na nawa. Haka fihirisa take a rumbun bayanai. Shi ya gina tasa a kan ranar haihuwa, domin a ganinsa ba abin da ke bambanta mutane kamarta. Sunaye suna maimaituwa, ƙauye ɗaya yana da mutum ɗari, amma da wuya ka sami mutum uku da suka zo duniya rana ɗaya a shekara ɗaya cikin jadawali irin namu.

Abu na biyu ban taɓa jin labarinsa ba. Ya ce a cikin rumbun akwai wani sashe mai zaɓen hanya. Kafin a fara kowane haɗi, shi ke zama ya auna yadda za a yi. Yana iya cewa a ɗauki mutum ɗaya-ɗaya daga jadawalin farko, a bi fihirisa a nemo masa nasa a na biyu. Wannan hanyar tana da sauri in fihirisar tana kai ka ga layi biyu ko uku kacal. Yana kuma iya cewa a bar fihirisa, a karanta jadawalan gaba ɗaya sau ɗaya, a kasa su kashi-kashi, a gwada kashi da kashi. Mai zaɓen hanyar ba ya leƙa jadawali ya ga abin da ke ciki a yau. Da wata ƙididdiga yake aiki, wadda aka ɗauka a baya aka ajiye masa. Tamu an ɗauke ta ne a makon da aka buɗe ofishin, lokacin da sunayen ciki ba su kai ɗari biyu ba, kuma yawancinsu na mutanen gari ne masu takardar haihuwa daga asibiti. Injiniyan ya kashe sabunta ƙididdigar da kansa, don kada ta nauyaya wa ƙaramar kwamfutarmu.

Ya karanto mini umarnin da zan rubuta domin ta nuna hanyar da ta zaɓa. Na rubuta. Ta nuna tana bin fihirisar ranar haihuwa, mutum ɗaya-ɗaya, kuma ƙiyasinta shi ne kowane mutum zai kai ta ga layi biyu.

"To, gwada da mutum ɗaya tak mu ga gaskiyar abin," in ji shi.

Na zaɓi layin matar Baba, ba don komai ba sai don shi na haddace lambarsa. Ba a nuna mini sunaye ba, adadi kawai na nema. Na karanta masa abin da ya fito: dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai.

Ya sa na maimaita masa adadin.

"Malam, tsaya. Mutum dubu da ɗari huɗu aka haifa rana ɗaya?"

Na duba gurbin ranar haihuwarta. Ɗaya ga Janairu. Na sauka layi na gaba a jadawalin farko, ɗaya ga Janairu. Na riƙe madannin sauka, sunaye suna wucewa, ƙauyuka suna wucewa, gurbin nan bai motsa ba sai jefi-jefi.

Na juya wajen Madam. Ba ta ma bari na gama tambayar ba.

"Fam ɗin ba ya wucewa in ba a sa rana ba, kai ma ka sani. Na tambayi mace yaushe aka haife ta, ta ce lokacin cirar gyaɗa. Ina zan sa gyaɗa a akwatin nan?"

"Shekarar fa?"

"Fuska nake dubawa. Wannan talatin, wannan arba'in, wannan hamsin. Haka na koya wa 'yan sa-kai. Haka aka yi mana a makaranta, haka aka yi wa iyayenmu." Ta miƙo hannu. "Kawo katinka na ɗan ƙasa mu gani, Malam mai ranar haihuwa."

Ban ba ta ba. Na san abin da ke jiki. Mahaifiyata ta ce da azumi aka haife ni, ana zafi, amma katin ya ce ɗaya ga Janairu. Kuma da yatsuna na shigar da rabin waɗannan layukan. Na buga ranar nan sau dubbai, ban taɓa ganinta a matsayin wani abu ba.

Lissafin ba shi da wuya. Mutanenmu kusan duka sun taru a kan ranaku biyar ko shida. Duk mutumin da kwamfutar ta ɗauko daga jadawalin farko, fihirisar takan kai ta ga tarin mutum dubu da wani abu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gwada suna da ƙauye, ta gama, ta ɗauko na gaba, ta koma cikin tarin nan dai. Dubbai sau dubbai. Mai zaɓen hanyar kuwa kowace safiya sai ya duba tsohuwar ƙididdigarsa, ya ga biyu, ya sake zaɓen wannan hanyar. Ba abin da ya lalace a cikin na'urar. Da abin da aka gaya mata take aiki.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Muka sa ta sake ƙirga abin da ke cikin jadawalan. Muka gina sabuwar fihirisa a kan ƙauye da suna a haɗe. Na sake neman ta nuna hanyarta, sai ga shi ta saki ranar haihuwa, ta kama wata hanyar dabam. Na koma kan madannin da na yi wata biyar ina dannawa, na danna, na cire tabarauna zan goge. Kafin na mayar da shi ta gama.

Layi sittin da uku suka fito. Madam ta jawo kujerarta kusa da tawa muka bi su. Wasu mun san sun riga sun gamu da nasu a kasuwa ko a coci, ba da taimakonmu ba. Biyu an rubuta a gefen sunansu cewa sun rasu a asibiti. Matar Baba ita ce ta arba'in da ɗaya. An gan ta a wani ƙaramin asibiti a Mahuta, ƙafafu a kumbure. Na duba ranar da aka shigar da takardar, na duba ranar da Baba ya fara zuwa. Kwana goma sha biyu bayan zuwansa takardarta ta shigo. Daga ofishinmu zuwa asibitin, keke biyu ake hawa.

Ban jira Laraba ba. Talata da safe na sauka kangon, na same shi yana gyara wa wata mata ƙotar fartanya. Na gaya masa abin da layin ya ce, ban ƙara ba, ban rage ba, har da ranar. Ya shiga ya sako wata riga mai tsabta muka tafi.

Asibitin gida ne aka mayar, da baranda doguwa a gaba. Ma'aikaciyar jinyar da muka tarar ta tuna matar tun kafin ta buɗe littafi.

"Mai tsagen nan a kumatu? Ai Mama ce. Kwana huɗu ta yi a gado muka sallame ta. Ta ce ba ta da inda za ta, sai muka bar ta a barandar nan." Ta nuna wani lungu kusa da tankin ruwa. "Kullum kafin mu zo ta share ko'ina. Na ce mata mutanenku sun ɗauki sunanta, in akwai mai nemanta za a kira."

"Kwana nawa ta jira, Sista?" Ni na yi tambayar.

"Tara, ko goma. Ran nan ta ce mini, in har ba wanda ya neme ta a gari, to tsohon yana gida ke nan, kuma shi kaɗai ba zai iya noman masarar ba. Na hana ta. Ta sami wani mai babur da zai bi ta wajen, ta tafi."

Baba ya je lungun ya tsaya yana kallon siminti. Ba komai a wurin sai tsintsiya da wani bokiti. Ya daɗe. Da muka fito bakin titi muna jiran keke ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba.

"Ashe tana cikin injin tun tuni."

"Tana ciki, Baba."

"Duk Larabar nan da nake zama."

"Kusan duk."

Ya gyaɗa kai. "Ni ina kallon abin nan yana juyawa, na ɗauka nemanta yake a nesa."

Na so na yi masa bayanin ƙididdiga da fihirisa, domin bayanin daidai ne kuma na riga na iya shi. Na duba na ga ba shi da amfani gare shi, na bar shi.

A ofis Baba ya ce zai bi matarsa ƙauye, Madam ta yi iyakar ƙoƙarinta ta hana shi. Ta ce masa ba kowa a ƙauyen, rufin gidajen ma an kwashe, mutanen da suka leƙa ba su kwana ba. Ta ce wata biyar ba kwana biyar ba ne, ƙila matar ta je ta ga ba kowa ta juyo, ƙila tana wata makarantar ko wata cocin, kuma yanzu injin yana aiki, duk takardar da ta shigo a ranar za mu sani.

"Baba, ka ba mu mako biyu. Mako biyu kawai."

"Ke ma kin koyi maganar Malam."

"Ba wasa nake yi ba. In ka je can wa zai nemo ka?"

"Ita wa ya nemo ta?" Ya ce da ni, "Buga mini takardar."

Na buga masa layin a farar takarda, layi ɗaya a saman shafi, sauran duk fari. Bai iya karatu ba. Ya sa na nuna masa inda sunanta yake, ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun gaba. Ranar Alhamis maƙwabcinsa ya raka shi tasha, ya hau motar Rido, daga can ya ce zai nemi babur.

Daga baya na lura da wani abin da ya fi wannan. Matar Baba ta fito ne kawai saboda Madam ta ƙiyasta mata shekara hamsin daga bayanin mijinta, ɗan sa-kan da ya gan ta a Mahuta shi ma ya ce hamsin. Da ya ce arba'in, da haɗin ya wuce ta ko da yana gudu kamar walƙiya. Na rubuta wa shugabar ƙungiyar, aka cire ranar haihuwa daga sharuɗɗan, wasu layukan suka ƙara fitowa, yawancinsu tsofaffi. Lambobin wayar da ke jikinsu rabi ba sa shiga. Takardu kuma ba su daina zuwa ba, sai dai jadawalin waɗanda ake nema ya fi ɗayan saurin girma, kuma wannan ba abin da fihirisa za ta gyara ba ne.

Na kira maƙwabcin Baba bayan mako ɗaya, ya ce shiru. Na sake kira bayan mako uku, ya ce wani mai itace ya ce ya ga wani dogon tsoho a hanyar, amma bai tabbata ba, kuma bai tuna ranar ba. A kira na ƙarshe shi ya riga ni magana. Ya ce an sami sababbin zuwa daga wani ƙauyen, mutum bakwai, har da mai jego, wuri ya yi musu kaɗan a kangon. Ya ce tabarmar Baba da buhun kayansa suna nan a inda ya bar su, yana so ya ji ko a ci gaba da tsare masa wurin.

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Washegari na sa sunan Baba a jadawalin waɗanda ake nema, na danna madannin, ta gama nan take, ba sunansa, ba sabon layi a kan matarsa. Na kira mutumin na ce ya naɗe tabarmar ya ba mai jegon wurin, buhun kuma ya kawo ofis. Yana nan a ƙarƙashin benci. Ba mu buɗe shi ba.